Jan Zaren Ustaza

A ƙauyenmu, can cikin gonakin auduga na kudancin Jazira a ƙasar Sudan, ba nisa da Hajj Abdalla, akwai tambayar da ba a so. Ka tambayi mutum yadda dawarsa ta yi bana, zai yi maka ƙarya cikin fara'a. Ka tambaye shi shekarunsa, zai yi dariya. Amma ka ce masa, "A ina aka haifi kakanka?" sai ka ga fuska ta rufe kamar an ja ƙyaure. Kakanninmu daga yamma suka taso da niyyar Makka, suka tsaya tsinkar auduga don neman guzuri, guzuri bai cika ba, suka zauna. Iyayenmu a nan aka haife su. Duk da haka babu gidan da ba shi da labarin wani da ya je neman takardar ɗan ƙasa, wadda muke kira jinsiyya, aka yi masa wannan tambaya, ya faɗi gaskiya, ya dawo hannu rabbana. Kuma kowa ya yarda cewa hawasha, wato gonar da aka yanka wa kowane magidanci a bakin ruwan ban-ruwa, a jikin wannan takarda take rataye. Ko haka ne ko ba haka ba, ban sani ba a lokacin. Na dai sha tsoron tare da nono.

Ina aji huɗu a makarantar 'yan mata aka kawo mana sabuwar malama daga Sinja. Ustaza muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowace malama. Ni ce alfa a ajin, wato mai tsare aji in malama ta fita. Aikina in tsaya gaban allo da alli in rubuta sunan duk wadda ta yi surutu, malama ta dawo ta bi sunayen da tsumagiya. Ba zan ɓoye ba, ina son aikin. Kuma shi ya koya mini abu ɗaya tun ina ƙarama: ba a rubuta sunan mutum don alheri.

To, wannan Ustaza ba ta duka, kuma nan ne na fara zarginta. Ran farko da na cika allo da sunaye, ta shigo ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta yaba kyawun rubutuna, ta ɗauki tsumma ta goge. Na ji kamar ni aka mara. Da safe in an tsaya layi a fili ana rera waƙar ƙasa, ba ta tsayawa gaba da sauran malamai, sai ta bi bayanmu tana duba farce da kitso tana tambayar kowa sunan unguwarsu. In an kaɗa ƙararrawar fatur, abincin hantsi, malamai suna shiga ofis su ci nasu, ita kuwa sai ta zo ƙarƙashin dalbejiya ta tsuguna cikinmu, ta sa hannu a kwanon wakenmu. Ta ce mu koya mata gaisuwa da Hausa. Muka koya mata, tana faɗa muna faɗuwa don dariya, ita kuma tana rubutawa a wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da jakarta. Sauran yara sun ce kirki ne da ita. Ni na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Karatun dai yana tafiya yadda ya saba. Mu biyar-biyar a benci, gwiwa na gugar gwiwa. Muna rera jadawalin lissafi da ƙarfi har 'yan aji uku su aiko a ce mu rage murya. Ran Talata mu cika randunan makaranta, ran Laraba mu share fili. Ta sa muka shuka wake a gwangwanayen madara muka jera a taga, mu 'ya'yan manoma, wai don mu ga yadda tsiro yake fitowa. Muka yi mata biyayya, muna ƙyaftawa juna ido.

Wata Lahadi ta zana bishiya a allo. Ta ce kowace yarinya ta zana irinta a takarda guda, ta sa sunanta a reshen sama, iyayenta a ƙasa da ita, kakanni a gindi, har iyakar inda aka sani. Sannan ta ƙara tambayar nan da ba a so. Ta ce a gefen kowane suna a rubuta garin da aka haife shi. Ran Alhamis kowa za ta tashi ta karanta tata a gaban aji.

Da na koma gida Baba yana gona, ranar ban-ruwansa ce. Kakata ce kawai a rumfa, mahaifiyar Baba, tana yanka kuɓewa tana shanyawa a tabarma. Sunanta aka sa mini, don haka ita takwara take ce mini, Baba kuwa ba ya iya kama sunan, sai ya ce Uwata. Na faɗa mata aikin da aka ba mu, ina jira ta ce in rufe bakina. Sai ta ajiye wuƙa.

"Mi kic ce, takwara? Ita malamar da kanta tat tambaya?"

Na ce ita ce.

"Ɗauko alƙalami. Tun da niz zo ƙasag ga ba wanda yat tambaye ni."

Ban taɓa ganinta haka ba. Ta gyara zama, ta goge hannu a zane, ta fara jero sunaye. Uwarta, uwar uwarta, haka har mata bakwai, kowace da garinta da abin da aka san ta da shi. Ɗaya mai rini ce, har ta mutu hannunta shuɗi ne. Ɗaya ta haifi tagwaye sau biyu. Ta faɗi na wajen maza su ma. Sannan ta kama hanya, daga wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, tana 'yar ƙarama a kan jaki tsakanin tukunya da buhun gero. Ta lissafa zango-zango, inda suka yi damina biyu suna noma a gonar wasu, inda jakin ya mutu, inda aka binne ƙanenta a gindin wata ƙaya ba tare da an samu ruwan wanka isasshe ba. Takardata ta cika, na juya baya, bayan ma ya cika. Bishiyar ta fi kama da kabewa mai yaɗo. Kaka ba ta iya karatu ba, amma ta karɓi takardar ta shafa ta da tafin hannu, ta ce in nuna mata inda uwarta take. Na nuna, ta ɗora yatsa a wurin ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ran Alhamis ki ɗaga murya," in ji ta. "Kar ki haɗiye sunan kowa. Su jiya mu ma ɗiyan mutane na."

Baba ya dawo da laka har gwiwa. Ya karanta takardar a tsaye, gaba da baya. Sai ya ja ni bayan ɗakin girki, inda mahaifiyarsa ba za ta ji ba.

"Uwata, wagga ustaza, wa ak kawo ta? Takardun ga in kun ba ta, ina za ta kai su?"

Na ce ban sani ba.

"To ki sani. Ke ta alfa. Ki buɗe ido."

Ba a taɓa ba ni aikin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Ran Litinin ban ji ko kalma ɗaya ta darasi ba, jakarta kawai nake kallo. Da aka tashi, na laɓe bayan katangar makaranta na bi ta daga nesa har bakin titi, inda motocin Hajj Abdalla suke tsayawa. Ina gani da idona ta buɗe jaka ta fito da wata ambulan mai kauri, ta miƙa wa wani mutum mai tabarau da ke gidan gaba na wata mota. Ya karɓa ya sa a ƙarƙashin cinyarsa. Ta ɗaga yatsa tana ja masa kunne, ya gyaɗa kai, mota ta tashi.

Da gudu na isa gida. Na ba Baba labari, kuma Allah Ya yafe mini, na ƙara gishiri. Na ce ta waiwaya hagu da dama kafin ta ba shi. Ba ta waiwaya ba. Na ambaci ɗan baƙin littafin, na ce sunayen unguwanni take rubutawa a ciki. Kafin la'asar ta Talata maganar ta zaga ƙofar masallaci, kuma duk mai 'ya a aji huɗu ya ji. Wasu sun ce a je a samu shugabar makaranta. Dattawa suka ce a'a, wanda ya je ya yi tambaya ya nuna yana da abin ɓoyewa. Aka tsaya a kan shawara ɗaya: kowace yarinya ta yi aikinta tsaf, kada a ce mun ƙi, amma kowa nan aka haife shi.

Baba ya zaunar da ni ya yi mini shifta. Ni, shi, mahaifiyata, kakanni huɗu, kowane suna da sunan ƙauyenmu a gefensa. Bishiya ta fito gajeriya mai tsabta.

"Waccan ta farko ki sa ta wuta," in ji shi. "Kar Inna, kakarki, ta sani. Tsohuwa ta, ba ta san wada duniyag ga take ba. In hawasha tat tahi, mi za mu ci, sunaye?"

Na ce to. Amma ban ƙona ba. Na ninke ta huɗu na cusa cikin littafin lissafi. Ban san abin da nake nufin yi da ita ba. Ina jin tsoron Ustaza, ina kuma jin nauyin yatsan Kaka a kan takardar, na rasa wanda zan bi.

Ran Alhamis muka shiga aji muka tarar ta riga mu. Ta manna wata babbar taswira a bango, ba irin ta Sudan da muka saba zanawa da koguna biyu ba, wannan ta miƙe har tekun yamma. A kan tebur ga ƙwallon jan zare irin na saƙa, ga gwangwanin ƙananan allurai. Ta ce ita za ta fara. Ta karanta tata bishiyar: kakanta na wajen uba daga arewa ya biyo kogi da jirgin ruwa yana sayar da dabino, kakarta ta wajen uwa daga tsaunukan gabas. Ta soka allura a can, ta soka a can, ta ja zare daga kowace zuwa Sinja. Ta juyo tana murmushi ta ce da Larabci, "Kun gani? Kowa daga wani wuri ya zo. Yau za mu cika taswirar nan da hanyoyinku."

Na ce a raina, ga tarko an yi masa ado.

Ta farko ta tashi. Nan aka haife ta, nan aka haifi ubanta, nan aka haifi kakanta. Ustaza ta soka allura a Jazira, ba ta ja zare ba, don babu inda za a ja shi. Ta biyu haka. Ta uku haka. Wata 'yar bencinmu, don zaƙewa, ta ce kakan kakanta ma a cikin hawasharsu aka haife shi, alhali kowa ya san a zamaninsa ba a ma haƙa magudanar ban-ruwan ba. Ba wadda ta yi dariya. Allurai suka cunkushe a wuri ɗaya har babu wurin soka wata. Ina kallon fuskar Ustaza, murmushin yana raguwa kaɗan-kaɗan, zaren yana hannunta tana juya shi.

Ni ce ta ƙarshe. Na tashi da gajeriyar bishiyata na karanta, ban haɗiye ko harafi ba. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Har ke, alfa? Kakarki mai zane a kumatu, wadda nake gaisarwa a bakin magudana in tana wanki, nan aka haife ta?"

Littafin lissafi yana kan benci, tsawon hannu ɗaya daga inda nake tsaye. Da ta yi wata tambayar, wataƙila da na buɗe shi. Amma abin da na ji kawai shi ne ta san Kaka, ta san zanen fuskarta, ta san inda take wanki. Ashe ba ni kaɗai nake bin mutane a baya ba. Na dube ta ido cikin ido.

"Nan aka haife ta, Ustaza."

Ta ce to, zauna. Ta cire alluran ɗaya bayan ɗaya ta mayar gwangwani, ta naɗe zarenta, har da na hanyar kakanninta. Ba ta karɓi takardar kowa ba. Ta ce mu buɗe littafin karatu shafin da muka tsaya. Wannan ma bai wanke ta a wurina ba, na ce ta gane an gano ta ne.

Da aka tashi tsoro ya kama ni sosai. Na ga kamar gobe za a zo a zazzage jakunkuna, a samu takardar, a karɓe gonar Baba saboda taurin kaina. A hanya na bar ƙawayena suka yi gaba, na tsaya a kan 'yar gadar magudana. Na yayyaga takardar ƙanana-ƙanana na watsa a ruwa. Na tsaya har na ga gutsattsarin sun shige ƙarƙashin ciyawa, na tafi gida ina jin na yi abin kirki.

Kaka tana bakin ƙofa. Ta yafa farin mayafinta na zuwa suna, ita da ba inda za ta.

"Takwara, kin karanta musu?"

"Na karanta, Kaka."

"Duka? Har mai rini?"

"Har ita."

"Mi sunka ce?"

Na ce sun tafa. Na ce Ustaza ta ja jan zare a bango tun daga Sakkwato har ƙofar gidanmu. Ban san inda ƙaryar ta fito ba, ta dai fito sumul. Kaka ta yi dariya har ta riƙe ƙyaure, ta ce a kai wa malamar busasshiyar kuɓewa. Sannan ta ce, "Halas, shi ke nan. Yanzu suna ga takarda, na sauke kaya. Kaina ya huta."

Kuma da gaske ta sauke. A da takan ambaci ɗaya daga cikinsu in tana tsinkar zogale ko tana yi mini kitso, ni kuwa ba na saurara. Daga ranar ta daina. In hira ta biyo ta kan wata a cikinsu sai ta nuna ni da haɓa ta ce a tambayi takwara, tana da su a rubuce. Sau da yawa na yi niyyar in ce ta maimaita mini, amma in na tambaya za ta san takardar ba ta nan, in ta san haka za ta san ban karanta ba. Na ce sai an kwana biyu, in ta manta. Lokacin tsinkar auduga na shekara mai zuwa zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida, ran na bakwai aka kai ta makwancinta.

Ambulan ɗin nan kuwa, ba a yi wata guda ba na san abin da ke ciki. Tambayoyin jarrabawarmu ne. Makarantarmu ba ta da injin buga takardu, sai a aika Hajj Abdalla, mai tabarau kuma mijin shugabar makaranta ne. Ni da kaina aka aika na karɓo su daga hannunsa, a matsayina na alfa. Ɗan baƙin littafin ma na leƙa shi wata rana da ta bar shi a tebur. Gaisuwa ce a ciki, da sunayen abinci, da ƙidaya daga ɗaya zuwa goma, duk da Hausarta mai karkata. Ban faɗa wa Baba ko ɗaya ba. Ustaza ta yi shekaru a ƙauyenmu, ba wanda aka taɓa wa gona, kuma ba ta sake kawo taswirar aji ba. Ba na ganin laifin Baba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni ce dai na ɗauko tsumman na kaɗa masa a gaba na ce yana motsi.

Bayan shekaru, na yi aure na haifi 'yata ta fari, na zo wankan jego gida. Kwana biyu kafin suna Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, bai shigo ba. Ya tsufa, furfura ta cinye gemun. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi jikina, ya tambayi ruwan zafi, sannan ya ce mijina ya bar masa zaɓin suna.

"Ina son in sa mata sunan kakar Inna, mai rinin nan. Ya ɓace mini. Na yi na yi, ya ƙi zowa." Ya yi 'yar dariya. "Uwata, takardan nan da nic ce ki ƙona. Na san halinki, ba ki jin magana. Ba ki ƙona ba, ko?"

Yana kallona da fuskar mai roƙo, yana fata 'yarsa ta saɓa masa. Na ce ban ƙona ba. Fuskarsa ta washe. Sai na faɗa masa sauran, gada da ruwa da ciyawa.

Ya tambaye ni ko na riƙe wasu a ka. Na ce biyu, uwar Kaka da mai tagwaye. Ya ce waɗannan shi ma ya sani. Ya sa takalmansa ya ce bari ya je ya duba ragon.